Daga Aji Zuwa Ƙofar Kudu: Amsoshin Tambayoyin Sababbin Ɗalibai Kan Bukukuwan Gargajiya da Fita Shan Iska a Kano

Shekara huɗu na yi ina karatu a Kano, kuma ba ɗan garin ba ne ni. Shekarar farko ta ƙare ban san ko'ina ba sai ɗakin kwana, aji, masallaci da wurin mai shayi. A aji biyu ne wani abokina, haifaffen cikin birni, ya ja hannuna muka hau Dala, daga ranar kuma ban sake yarda hutu ya wuce ni ina kwance ba. Yanzu ƙannenmu da ke shigowa suna yawan tare ni da tambayoyi, kusan iri ɗaya kullum. Ga su nan na tattara, da amsoshin da nake ba su daga abin da idona ya gani.

Ni baƙo ne a garin nan, daga ina zan fara?

Fara da Dutsen Dala. Daga kansa ne za ka fahimci yadda birnin yake zaune, ka daina ɓata. Ka je da sassafe bayan asuba, ko da la'asar sakaliya idan rana ta yi sanyi. Akwai matattakala, hawan bai kai a ji tsoronsa ba, sai dai wanda bai saba ba zai tsaya ya huta sau ɗaya ko biyu. Idan ka kai sama ka juya, ga Goron Dutse can yana fuskantarka, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga rufin gidaje a cunkushe kamar an zuba tsaba a faifai.

Ranar da na fara hawa, an yi ruwa da dare, iska ta wanke gari tas. Abokina ya tsaya yana nuna mini da yatsa: nan kasuwar Kurmi, nan Jakara, can Gidan Rumfa, wato fadar Sarki. Muna tsaye ƙamshin ƙosai yana tasowa daga ƙasa, muryoyin 'yan makarantar allo suna haɗuwa daga unguwanni daban-daban. A nan ne ya ba ni labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda maƙera suka fara zama a gindin dutsen saboda tama, tun kafin zuwan Bagauda wanda tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a shekarar 999. Na taɓa jin duk wannan a aji, amma bai zauna mini ba sai da na ji shi ƙafata tana kan dutsen.

Kada ka je lokacin hunturu idan kallon gari kake so. Hazo yana rufe komai, ko Goron Dutse sai ka gan shi dishi-dishi.

Hawan Sallah kwana nawa ake yi, kuma wanne ya fi dacewa in kalla?

Ranar Idi Sarki yakan tafi filin Idi na Ƙofar Mata, bayan an sauko ya hau doki ya koma gida tare da hakimai. Washegari da yamma Hawan Daushe. Rana ta uku da safe Hawan Nasarawa, wanda ake fita wajen ganuwa a je gidan gwamnati, a zaga ta unguwannin waje a dawo. Daga nan sai hawan ƙarshe, Ɗorayi ko Fanisau, gwargwadon wace Sallar ce.

Idan ɗaya kaɗai za ka samu, to Daushe. A nan kowane hakimi yake fito da abin da ya tanada na ado, a nan ake jahi a Ƙofar Kudu, a nan kuma baƙi daga ƙasashe suke cika rumfa. Amma ni a raina Hawan Nasarawa ya fi daɗin kallo ga ɗalibi marar hanya, domin hanyarsa doguwa ce, jama'a sun warwatsu, kana iya samun inuwa ka tsaya dawakai su wuce ta gabanka har ka ji hucinsu. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun duniya da ake kiyayewa, to ka ga abin da wasu ke biyan kuɗin jirgi su zo gani, kai kuɗin Adaidaita Sahu kawai zai ci maka.

Matsalar ɗaya ce: yawancinmu gida muke tafiya da Sallah. Shawarata, a cikin shekarun karatunka ka roƙi iyayenka izinin Sallah ɗaya ka yi ta a Kano, ko kuma ka yi Idi a gida ka kamo hanya da asubar washegari. Daushe ba ya farawa sai bayan la'asar, za ka riske shi.

Idan na je, me zan duba? Ni dai dawakai kawai nake gani a bidiyo.

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin nima haka na fara. Hawan yana da tsari, kuma wanda bai san tsarin ba zai ga hayaniya ne kawai. Kowane hakimi yana zuwa da tawagarsa, da makaɗansa, da 'yan zaginsa a ƙasa, sau da yawa kuma da launin tufafi iri ɗaya da za ka gane su da shi. Ka duba rawani: mai kunne biyu alamar jinin sarauta ce. Ka duba kayan doki, sirdi da jalala da linzami da likkafa, yawancinsu aikin hannun dukawa da maƙeran garin nan ne. Ka duba 'yan lifidi, su da dawakansu a naɗe cikin auduga mai kauri, da 'yan sulke da rigunan ƙarfe, da 'yan kwalkwali. Waɗannan kayan yaƙi ne na gaske a zamanin da kibiya da mashi suke aiki.

Tawagar Sarki ce ta ƙarshe, kuma kunnenka zai sanar da kai kafin idonka. Za ka ji 'yan bindiga sun saki wuta, ƙasa ta amsa, hayaƙin albarushi ya turnuƙe. Sai kakaki, sai algaita, sai tambari. Sai ka hango laima tana juyawa a saman kawuna, dogarai da jajayen riguna masu ratsin kore sun kewaye. A karon farko da na tsaya kusa, wani dattijo da ke gefena, da 'yar jikarsa a wuya, ya ɗaga hannu ya dunƙule yana jinjina, hawaye na bin gemunsa. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce mahaifinsa a wuya ya ɗauke shi ya kawo shi wannan wurin, yau ga shi ya kawo jikarsa. Daga nan ya shiga faɗa mini sunan kowace sarauta da ta wuce, wanda ya riga wani da dalilin haka. Abin da na koya a wurinsa cikin sa'a guda ya fi abin da na tara a bidiyo shekara da shekaru. Saboda haka idan ka je, nemi dattijo ka gaishe shi da ladabi ka tsaya kusa da shi.

Jahi kuwa, wato sukuwar da mahaya ke yi a guje su zo gaban Sarki su ja linzami su yi jinjina, kada ka kuskura ka tsaya a bakin hanyarsa. Doki a guje ba ya sanin ɗalibi.

Ana cewa ana ƙwacen waya a wurin. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ni an yi mini. A shekarata ta uku, ina ɗaga waya sama ina ɗaukar tawagar wani hakimi, aka yi wata 'yar turereniya, na mayar da ita aljihun gefe don in riƙe ƙanen abokina kada a danne shi. Kafin in sake laluba babu ita. Abin da ya fi ci mini rai hotunan littattafan da na ɗauka don jarrabawa, da muryar kakata da na naɗa tana ba ni tatsuniya, wadda ban ajiye a wani wuri ba.

Tun daga nan ƙa'idata ita ce: waya a aljihun gaba na ciki, kuɗi kaɗan a raba wuri biyu, katin banki a bar shi a ɗaki. Ku je ku uku ko huɗu, ku sa wurin haɗuwa idan an rabu, domin layin waya yakan cushe a irin wannan taro. Idan ka ga gungun matasa da makamai suna tahowa, kauce musu ka shiga lungu ko shago. Kuma kada ka jira sai an watse gaba ɗaya bayan magariba. Lokacin watsewa ne ɓata-gari suka fi yin aikinsu.

Kowace shekara ake yin hawan?

A'a. A 2020 an dakatar saboda cutar korona, kuma a shekarun baya-bayan nan an sha hana shi saboda rikicin masarauta da dalilan tsaro. Ka saurari rediyo a kwanakin ƙarshen azumi ko farkon Zulhajji kafin ka tsara tafiya. Idan ba a yi a Kano ba, Zariya, Katsina, Daura, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Bauci duk suna da nasu hawan, kowanne da salonsa.

Ba ni da kuɗi. Kuɗin abinci ma da ƙyar yake kai ni ƙarshen wata.

Na san wannan halin ciki da waje. Amma yawancin abin da na lissafa a nan kallo ne na kyauta ko na 'yan canji: hawa, tashe, ganuwa, kasuwa. Abin da ke cin kuɗi shi ne mota da abinci. Mu abin da muka yi, mu shida muka riƙa karo-karo duk Juma'a, ɗan abin da ba zai hana mutum cin dare ba, ɗaya daga cikinmu yana riƙewa. A ƙarshen zango sai ya isa tafiya ɗaya. Abinci kuma daga ɗaki muke fita da shi: dambu, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko garin rogo da sukari da gyaɗa, da jarkar ruwa. Wanda ya sayi abinci a bakin wurin shaƙatawa ya san ya biya ninki.

Ka riƙa tafiya da katin shaidarka na ɗalibi. Yana sauƙaƙa maka magana a shingen jami'an tsaro, kuma masu kula da wuraren tarihi sun fi sakin jiki da ɗalibi.

Idan ina da Asabar ɗaya kawai, ina da ina zan zaga a cikin gari?

Marinar Ƙofar Mata da safe, Gidan Makama da hantsi, Kurmi bayan azahar. Dukkansu suna komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Marinar ana danganta kafuwarta da 1498.

A marina ka zauna, kada ka leƙa ka wuce. Za ka ga marini a bakin rijiyarsa yana tsoma zane yana ɗagawa, yana tsomawa yana ɗagawa. Idan ya fito da shi kore-kore yake, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonka. Baba ne da toka da katsi ake haɗawa a bar su su jiƙa kwanaki. Ni da nake karanta kimiyya, a nan na ga abin da malami ya yi ta zana mana a allo game da yadda iska ke canza launin abu. Hannun marinin da na yi hira da shi shuɗi ne har gwiwar hannu, ya ce ko ranar aurensa bai fita ba. Abin da ya dame ni, rijiyoyi da yawa a bushe suke, an bar su sun cika da shara, kuma masu aikin yawancinsu dattawa ne. Idan kana da hali sayi ko ɗan ƙyalle ne. Daga nan ka bi ƙarar dukan itace zuwa wurin mabuga, inda ake buga shadda har ta yi ƙyalli.

Gidan Makama gidan tarihi ne yanzu, yana fuskantar fadar Sarki. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, kayan yaƙi, hotunan zamanin zuwan Turawa a 1903, da ɗakin amarya irin na da. Ka ɗaga kai ka kalli daurin gugar rufin, ginin kansa abin kallo ne. Kurmi kuwa ka shiga da wanda ya san ta, don lungunanta suna kama da juna.

Ni mace ce. Wannan duk ba na maza ba ne?

'Yar'uwa, ba na maza kaɗai ba ne, sai dai shirinki ya fi nasu yawa. Ki nemi izinin gida tukuna, ki faɗi inda za ki da waɗanda za ku tafi tare. Ga hawa, abin da 'yan ajinmu mata suka yi shi ya fi: suka nemi ƙawa 'yar cikin gari wadda gidansu ke kan hanyar da Sarki ke bi, suka je tun azahar, suka kalla daga bene tare da iyayen gidan, suka ci tuwon Sallah, aka rako su kafin duhu. Sun ga abin da mu da ke ƙasa cikin ƙura ba mu gani ba. Marina, Gidan Makama, Gidan Zoo da tafiye-tafiyen da sashe ke shiryawa da rakiyar malamai duk babu wata matsala. Dala ku je da safe ku da yawa, kuma ku guji ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, domin ranar dutsen ba masaka tsinke.

Dambe fa? Wasu na cewa ba wurin ɗan makaranta ba ne.

Na je, kuma zan sake zuwa, amma ba zan ɓoye maka ba: wuri ne da ake shan hayaƙi, ana ashar, wani lokaci ana caca a gefe. Idan ka san zuciyarka mai saurin kwasar hali ce, bar shi. Idan kuma za ka iya zama ka kalli wasa ka tashi, akwai abin gani. A Kano gidan damben da aka fi sani yana dandalin Ado Bayero a Sabon Gari, ana farawa da yamma. 'Yan dambe ɓangare uku ne, Kudu da Arewa da Guramaɗa. Hannu ɗaya ake naɗewa da zare, ɗayan na kariya ne. Turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, kalmar ke nan da ake faɗa, ba mutuwa ake nufi ba. Abin da ya fi kama ni shi ne kiɗan. Makaɗi zai kama taken ɗan wasa, ka ga mutumin da ke zaune shiru jikinsa ya ɗauki tsuma, ya miƙe ya shiga fili yana kirari.

Wani ɗan ajinmu daga Maraɗi ya riƙa ce mana duk wannan wasan yara ne idan aka kwatanta da kokawar ƙasarsu da ake ba gwarzonta takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, jihohin Nijar takwas suna karawa duk shekara. Lokacin gasar ba ya rabuwa da rediyo, har mu ma ya koya mana sunayen 'yan kokawa.

Da azumi akwai abin kallo?

Tashe, daga goma ga wata. Bayan an sha ruwa ka shiga unguwannin cikin gari za ka ci karo da yara sun yi gemun auduga, wani ya yi shigar mai magani, 'yan mata suna kwaikwayon zaman aure. Kowane wasa da abin da yake tsokana a cikin halin mutane. Akwai kuma tashen gwauraye na Nalako. Ka riƙe 'yan canji a aljihu, ba a kallon tashe hannu rabbana. Yana raguwa shekara bayan shekara, a wasu unguwannin ma an hana saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi.

Ranar al'adu da ƙungiyoyin ɗalibai ke yi a makaranta, tana da wani amfani ko ɓata lokaci ce?

Tana da amfani idan ka fita daga rumfar mutanenka. Kuskuren da muke yi shi ne Bahaushe ya sa babbar riga ya zauna cikin Hausawa, Bayarabe cikin Yarbawa, a ci abinci a ɗauki hoto a watse. Ni a rumfar 'yan Binuwai na fara ganin rawar suwange ta Tibi da zanensu mai ratsin baƙi da fari, kuma a rumfar Barebari na fara cin burabuskon da ya amsa sunansa. Wanda ya zuba mini a ranar shi ne daga baya ya sauke ni a gidansu lokacin da wata hidima ta kai ni Maiduguri.

Idan da hannunka a shirin ɓangaren Hausa, don Allah ku wuce kwaikwayon biki da kamu. Kowace shekara shi ke nan. Ku gayyato masaƙi ko maƙeri ko mai sassaƙa ya yi aikinsa a gaban jama'a, ku yi gasar karin magana da kacici-kacici, ku sa langa. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, wadda aka fara a 2015, dama ce mai kyau ta irin wannan.

Muna so mu yi tafiya mai nisa a matsayin aji. Yankari ta cancanci wahalar?

Ta cancanta. Tana jihar Bauci, a ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Daga Kano za ku bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauci, sannan ku ɗauki hanyar Gombe ku ratse a Dindima. Daga ƙofar shiga zuwa masauki ma akwai tafiya mai ɗan tsawo a cikin daji, don haka ku fita Kano da asuba, kada dare ya yi muku a hanya. Tafiyar kwana biyu ce aƙalla, wanda ya ce a je a dawo rana ɗaya bai taɓa zuwa ba.

Abu biyu zan faɗa muku. Na farko, kada ku sa rai lallai sai kun ga giwa. Akwai su, amma daji ne ba gidan zoo ba. Mu mun ga sawunsu da kashinsu ɗanye a kan hanya, muka ga rassan da suka karya, su kuwa ba mu gan su ba. Mun ga gwanki da mazo da gadu da kada a bakin kogin Gaji. An fi dacewa da ganin dabbobi a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe kuma ƙishirwa ta tara su a bakin ruwa. Na biyu, birai. Gogan birin Yankari ba ya tsoron mutum. A gabana ɗaya ya fizge ledar burodi daga hannun wata 'yar ajinmu ya haye rufi. Ku rufe ƙofa da taga, kada ku riƙe abinci a fili.

Ruwan Wikki kuwa shi ne ladan tafiyar. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa kusan digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma garau yake har kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Na shiga bayan sallar asuba, sanyin safiya yana dukan kafaɗata, ruwan yana ɗumama sauran jikina, tsuntsaye suna ta kuka a bishiyoyin da suka yi masa rumfa. Na fi sa'a ban fito ba.

Kafin ku biya kuɗin mota, ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan makon, ku kuma sanar da hukumar makaranta a rubuce. A kan hanyar dawowa, idan da sauran rana, ku tsaya Birnin Kudu ku ga zanen da mutanen zamanin da suka yi a jikin duwatsu.

Tiga ta fi kusa. Za mu iya yin iyo a can?

Ku je, amma kada ku shiga ruwan. Madatsar Tiga, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Baƙo, wuri ne mai daɗin zama da cin soyayyen kifi da kallon masunta. Sai dai ruwan dam ba kududdufin unguwa ba ne. Gaɓarsa tana iya zurmawa farat ɗaya, ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa. Kusan duk wanda ya daɗe a makaranta ya taɓa jin labarin ɗalibin da aka fita da shi yawon shan iska aka dawo da gawarsa. Idan za ku shiga kwalekwale, kada ku cika shi fiye da yadda mai shi ya ce, kuma kada kowa ya miƙe tsaye don ɗaukar hoto.

Argungu fa?

Sau ɗaya na samu zuwa, a 2020, shekarar da bikin kamun kifin ya dawo bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba. Asalinsa ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwato. UNESCO ta amince da shi a 2016. Ranar ƙarshe dubban masunta suke jeruwa nesa da gaɓar kogin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa, ana buga bindiga su kwasa a guje su faɗa ruwa. Ƙurar da ke tashi da ƙarar gora a kan ruwa, ban taɓa ganin irinsu ba. Wanda ya kamo giwan ruwa mafi nauyi shi ke da kyauta. Ba kowace shekara ake yi ba, kuma masauki yana wuya ƙwarai, saboda haka ka nemi ɗan Kabi a ajinku tun da wuri. Mu a zauren gidan kawun wani abokinmu muka kwana, mu tara a kan tabarma biyu.

Duk wannan ba zai taɓa karatuna ba?

Zai taɓa idan ka sa shi a gaba da karatun. Ni mako huɗu kafin jarrabawa ba na zuwa ko'ina. Farkon zango, lokacin da darussa ba su kankama ba, da ranakun da suka biyo bayan takardar ƙarshe, su ne lokutan fita. Kuma duk inda za mu, sai mun san inda za mu yi salla kafin mu tashi.

Zan iya ɗaukar kowa hoto?

Mahaya a filin hawa sun fito ne don a gan su, ɗauki abinka. Amma marini a bakin aikinsa, mai sayar da kaya a Kurmi, matan aure a ƙofar gida, almajirai, waɗannan sai ka yi sallama ka tambaya. Wasu za su ce a'a, wasu za su nemi ɗan abin goro, kuma suna da gaskiya, domin sun gaji da masu zuwa su ɗauke su su tafi ko gaisuwa babu. Marinin nan na Ƙofar Mata da na ambata, sai a zuwana na uku na roƙe shi hoto. Ya ce in dakata, ya shiga ya sako hularsa, ya dawo ya zauna a bakin rijiyar ya ɗaga hannayensa biyu shuɗaye ya ce, "To ɗauka yanzu, ɗana." Na wanko masa guda na kai masa bayan mako biyu, ya soke shi a jikin bangon rumfarsa kusa da kalanda.